Jirgin da Auta Ta Shiga

A cikin 'ya'yana Auta ce ta fara shiga jirgin sama. Yayyenta duk a nan kusa suke neman abincinsu, ɗaya malamin firamare, ɗaya tana aikin jinya, babbansu kuma yana da shagon kayan gini a bakin titin Abuja. Ita noma ta karanta a jami'a. Maƙwabtanmu a Angwan Iya sun daɗe suna yi mini tsiya a kan haka, wai na kai yarinya makaranta ta koyi abin da kakanninta suka yi ba tare da boko ba. Ko a jikinta. Da ta gama hidimar ƙasa ta samu aiki da wata ƙungiya mai taimakon manoman riɗi, daga nan ba ka ganinta sai da takalmin roba a jaka da taɓo a bakin zane. Yau tana Panda, gobe tana Gitata, zaune a gindin mangwaro da matan da Hausarsu ba ta nuna sosai ba, tana haɗa musu da ɗan yaren Gwandara da ta tsinta a bakinsu. In ta dawo sai ta zube a tabarmar uwarta ta ce a ba ta ruwan randa, na firji ba ya kashe mata ƙishirwa.

Ni malamin sakandare ne, labarin ƙasa na koyar har na yi ritaya. Na ƙare ƙuruciyata ina zana wa yara taswirar duniya a allo, amma ƙafata ba ta taɓa wuce Kano ba. Saboda haka ranar da Auta ta ce an zaɓe ta ta je wani taro a ƙasar waje a kan irin shuka, ni na fi ta murna. Lokacin ba ta cika shekara da aure ba. Mijinta injiniyan lantarki ne, mutum mai ƙarancin magana, sun kama haya a nan Keffi yana bin motar safe zuwa wurin aikinsa a Abuja.

Ta zo sallama ana gobe za ta tafi, bayan la'asar. Uwarta tana ƙulla mata dakuwa da ƙuli-ƙuli a leda, fuskarta ba walwala.

"Mama, ba za su bar ni in shiga da wannan duka ba," in ji Auta.

"Su bar ki da rabi. Wa ya san abin da suke ci a can?"

Auta ta yi dariya ta matso kusa da ita, ta buɗe waya ta nuna mata hoton irin jirgin da za ta shiga bayan sun sauka a wata ƙasa sun canja. Fari ne tas, da dogon fiffike.

"Kin gani? Sabo ne fil, Mama. An ce ko shekara bai yi da fitowa daga masana'anta ba. Ya fi motocin da nake shiga zuwa Panda lafiya."

Uwar ta dubi hoton ta kawar da kai ta ci gaba da ƙulli. Ni kuma na ce mata ta nemi kujerar bakin taga ta duba mini yadda ƙasa take daga sama. Ta ce to, Baba. Na raka ta har ƙofar gida, ta hau bayan ɗan acaba tana riƙe da ledar a cinya.

Kwana biyu bayan nan, da azahar, ina zaune a zaure ina gyara igiyar rediyo sai mijinta ya yi sallama. Ranar aiki ce, bai kamata a gan shi a Keffi a wannan lokacin ba. Ya cire takalmi ya durƙusa kamar yadda ya saba, amma bai gaishe ni ba. Ya daɗe yana kallon tabarma.

"Baba, jirgin na biyu bai isa ba."

Na tambaye shi ko ya makara ne. Ya girgiza kai. Ya ce ya tashi, bai yi nisa ba ya faɗi a wani fili, kuma an ce ba a fitar da kowa ba.

Na yi salati. Na tuna na ajiye rediyon a hankali, har na gyara masa zama kada ya faɗi. Sannan na tashi na shiga cikin gida. Uwarta tana tsakar gida tana tsintar shinkafa a faifai. Ta ɗaga kai ta dube ni, ta dubi surukinta da ke tsaye a bayana, ta ajiye faifan. Ban ce komai ba tukuna ta ce, "Malam, kada ka faɗa." Na faɗa.

Zaman makoki ba gawa abu ne da ban san shi ba sai a kaina. Mutane suna shigowa suna ta'aziyya, amma ba wanda zai iya tambayar yaushe za a kai ta. Limamin unguwarmu ya tara mu a ƙofar gida aka yi mata sallah, sahu ya cika har bakin kwata, gabanmu kuwa ba komai sai ƙasa. A rana ta uku wata a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida cike da matan Panda da Gitata. Yawancinsu Kirista ne. Sun zo da doya da riɗi a ƙwarya, suka zauna a tsakar gida kewaye da uwarta, ba su yi magana mai yawa ba. Wata tsohuwa a cikinsu ta riƙe hannunta ta ce da Hausarta mai karyewa, "Yarinyarki ta ci tuwo a ɗakina." Sai a lokacin na ji matata ta yi kuka da murya.

Bayan wasu watanni aka aiko a ɗauki yawun bakinmu, ni da uwarta, don a gane abin da yake namu a cikin abin da aka tsinto. Aka daɗe kuma, sannan akwati ya iso. Da muka ɗauka ni da yayyenta ba mu dubi juna ba, domin kowa ya ji rashin nauyinsa. Muka kai ta maƙabarta muka rufe.

Na ɗauka daga nan sai haƙuri. Kwananta ya ƙare, haka na faɗa wa kaina, haka kuma nake faɗa wa duk wanda ya zo. Amma surukina bai tsaya a nan ba. Ya shiga wata ƙungiya ta iyalan waɗanda suka rasu a jirgin, mutane daga ƙasashe daban-daban da suke magana ta waya. Kowace Asabar yakan zo da hantsi ya zauna da ni a zaure, ya rame, ya bar gemu ba gyara. Ya sha shayi, ya fito da waya ya fara ba ni labarin abin da aka gano.

Da farko an ce laifin matuƙa ne. Na karɓi wannan da sauƙi, mutum ne, yana kuskure, kuma shi ma ya tafi tare da su. Daga baya masu bincike suka ce matuƙan sun yi duk abin da aka koya musu. Matsalar tana wutsiyar jirgin, a wani ƙarfe da ke juya ɓangaren da yake ɗaga jirgi ko ya sauke shi. An ɗaura shi a masana'anta ba a ƙarasa ɗaure shi ba, aka rufe, aka yi fenti, aka sayar.

"Ba mai dubawa ne?" na tambaye shi.

"Da akwai, Baba. A da, in ma'aikaci ya ɗaura abu, wani daban ne yake zuwa ya duba. Sai kamfanin ya ce wannan yana cin lokaci, masu saye suna jira. Suka rage masu dubawa, tsofaffin suka sallame su. Aka ce wanda ya ɗaura shi zai duba aikinsa da kansa."

"To gwamnatin ƙasar da aka ƙera jirgin fa? Ba ta da hukumar da ke sa ido?"

Ya ce tana da ita. Amma 'yan majalisar ƙasar sun gyara doka, suka bar wa kamfanin yawancin aikin binciken, hukumar sai dai ta sa hannu. Ma'aikatan da suka yi ƙorafi a cikin masana'antar, wasu aka canja musu wurin aiki, wasu suka gaji suka tafi.

Na ce to me zai sa 'yan majalisa su yi haka, su ba sa shiga jirgi ne? Ya ce kamfanin yana ba su gudummawar yaƙin neman zaɓe, kuma ba jam'iyya ɗaya yake ba ba, kowane ɓangare yana samu, domin duk wanda ya ci ya zama nasu. Ya ce ba a ɓoye ake yi ba. Doka ta yarda, ana ma wallafa sunayen waɗanda suka karɓa, kowa yana iya gani.

"A can ma?" Abin da ya fito daga bakina ke nan.

Ban san yadda zan bayyana abin da wannan ya yi mini ba. Shekaru ina tsaye gaban yara ina nuna musu wannan ƙasa da sanda a taswira, ina ce musu can doka tana aiki, can ba a wasa da ran mutum, ku yi karatu mu ma mu zama haka. Irin wannan ciniki na san shi, amma na ɗauka namu ne mu kaɗai. A makarantar da na koyar an taɓa ba wani ɗan kwangila ginin azuzuwa, shi ne ya buga wa wani ɗan takara fastoci da huluna a zaɓen da ya wuce. Injiniyan da ya kamata ya duba ginin bai ko fito daga mota ba. Ruwan farko iska ta kwashe rufin ta jefa a filin ƙwallo. Ranar Lahadi ce, ba kowa a ciki, Litinin muka yi ta raha a kai a ofishin malamai. Ban taɓa kawo wa raina cewa mutanen da ke ƙera abin da zai ɗauki ɗaruruwan rayuka sama da gajimare suna yin irin lissafin ɗan kwangilarmu ba.

Na kwana biyu ba na iya cin abinci sosai. Ban daina yarda cewa kwananta ne ya ƙare ba, har yau ban daina ba. Amma a da in na tuna mutuwarta Ubangiji kaɗai nake gani a ciki, in sunkuyar da kai. Yanzu sai na riƙa ganin mutane. Ina ganin wani a ofis yana cewa a hanzarta, wani a majalisa yana ɗaga hannu, wani ma'aikaci da aka ƙure wa lokaci yana ajiye sifana ya tafi gida wurin 'ya'yansa. Ba wanda ya san Auta a cikinsu, ba wanda ya nufe ta da sharri. Wannan ya fi yi mini ciwo, domin da maƙiyi ne da na san inda zan ajiye fushina.

Wata Asabar muna cikin wannan zance sai matata ta ɗaga labulen zaure. Ashe ta daɗe tana ji.

"Malam, ku daina wannan magana a gidan nan," ta ce. "Ni Allah ne ya karɓi 'yata. Kada ku mayar mini da ita abin da wani ya manta bai ɗaure ba."

Surukina ya sunkuyar da kai ya ce, "Ki yi haƙuri, Mama." Daga ranar muka mayar da zancen gindin dalbejiyar da ke bakin masallaci.

Da aka sa ranar da majalisar ƙasar za ta saurari shugabannin kamfanin, ƙungiyar iyalan ta ce duk mai iko ya je. Surukina ya ce zai je. Uwar Auta ta kira shi ɗaki ta roƙe shi, ta ce jirgi ya ci mata ɗaya, kada ya ba shi na biyu. Ya ce mata in bai je ba, ba wanda zai ɗaga hoton Auta a wurin. Sai ta tashi ta ciro wanda ke rataye a bangonta, na ranar da Auta ta gama jami'a, ta goge gilashin da bakin mayafi ta miƙa masa. Duk kwanakin da ya yi a can ba ta bar wayata ta huta ba.

Ya dawo lafiya. Na bar shi ya huta, sannan muka zauna ya ba ni labari. Ya ce zauren babba ne, an jera iyalai a baya, kowa riƙe da hoto a sama har hannu ya yi tsami, a canja hannu. 'Yan majalisar sun yi wa shugaban kamfanin faɗa sosai, wani har yana buga tebur, kyamarori suna ɗauka. Shugaban ya juyo ya dubi iyalan ya ba da haƙuri. Surukina ya ce a lokacin ya ji kamar wani abu zai faru.

Da aka tashi ya ɓata hanya yana neman ƙofar fita, ya bi ta wani lungu. Can ya ga ɗan majalisar nan mai buga tebur tsaye da mutanen kamfanin, yana dafe da kafaɗar ɗaya, suna dariya ƙasa-ƙasa. Ba su ko lura da shi ba, ya wuce su da hoton a hammata.

A waje kuma wata dattijuwa farar fata ta tare shi. Ta ce ta yi shekaru tana aikin duba jirage a masana'antar kafin a sallame ta. Ta roƙi ya nuna mata hoton. Ta tambayi sunanta, ta maimaita har ta iya faɗa daidai, ta tambayi aikin da take yi. Ya ce mata tana koya wa mata yadda za su adana iri. Matar ta riƙe hoton da hannu biyu tana kuka, tana cewa ta faɗa wa manyan kamfanin, ta faɗa musu ba sau ɗaya ba.

"Me ka ce mata?" na tambaya.

"Ban san abin da zan ce ba, Baba. Ni na koma ina ba ta haƙuri."

Abin da ya biyo baya ba shi da yawa. An ci kamfanin tara, ya biya. Shugaban ya sauka da haƙƙoƙinsa cikakku, aka naɗa wani. Ba wanda aka ɗaure. An gyara jiragen, suka koma sama. Lauyoyi suka zo da maganar diyya, na ce su yi da surukina da yayyenta, ni ba zan zauna a wurin ba. Na tambaye shi ko an hana kamfanin ba da gudummawar zaɓe. Ya ce sun dakata na ɗan lokaci, da ƙura ta lafa suka ci gaba. Da zaɓenmu na nan ya zo, motoci suna yawo a Keffi da lasifika ana rabon atamfa da shinkafa, na tsaya a bakin titi ina kallon fastocin da aka manna har a jikin masallaci. Ban ji haushin kowa ba. Tambaya ɗaya kawai ta riƙa zuwa mini a kan kowace fuska, wa ya biya kuɗin wannan, kuma me za a daina dubawa saboda shi. Na je na jefa ƙuri'ata duk da haka, na dawo gida na kwanta.

Shekaru suka wuce surukina bai sake aure ba. Uwar Auta ce da kanta ta fara yi masa magana, ta ce shi yaro ne, zaman nan ba zai dawo da kowa ba. Ya daɗe yana kaucewa. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya biyo ni gida, ya ce yana son ganinmu tare. Muka zauna a ɗakinta. Ya ce ya samu wata, malamar makaranta ce a Karu, iyaye sun shiga maganar, amma bai so a sa rana ba sai ya ji daga bakinmu. Na sa masa albarka. Uwar ta ce Allah ya ba su zaman lafiya, ya kawo ta ta gan ta. Ta tashi ta zubo masa abinci, ta zauna tana kallonsa yana ci, kamar yadda take yi tun yana sabon ango.

Da ya gama ya wanke hannu, sai ta kira shi da "ɗana", abin da ba ta cika yi ba.

"Kai ka karanta komai a kan jirgin nan. Ban taɓa tambayarka ba. Ta san abin da ke faruwa?"

Ya dube ni. Ni da shi mun san amsar, domin ya taɓa faɗa mini a gindin dalbejiya cewa jirgin ya yi ta sama da ƙasa matuƙan suna kokawa da shi kafin ya faɗi, kuma duk wanda ke ciki ya sani. Na kasa taimakonsa, na mayar da idona kan tabarma.

"Ba a daɗe ba, Mama," ya ce.

Ta gyaɗa kai a hankali. Ba ta ce ta yarda ba, ba ta kuma sake tambaya ba. Ta ce da ta so a ce barci take yi, Auta akwai saurin barci a mota. Sannan ta tattara kwanukan ta fita da su.

Na raka shi bakin titi. Muka tsaya muna jiran mota har wata ta zo ya shiga. Da na dawo na tarar da ita a bakin murhu ta ɗora ruwa, wutar ta mutu ba ta lura ba. Na durƙusa na gyara itacen na hura mata, na jawo kujera na zauna kusa da ita har aka kira la'asar.